Yaran da suka yi min aikin tsaron kwamfutoci a shago: inda suka burge ni da inda muka saɓa

Masu shaguna a layinmu na Tudun Wada sun ishe ni da tambaya akan yaran nan da suka zo suka yi min aikin tsaron netiwok, wai aikin nasu ya yi ko dai cin kuɗi ne kawai, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaici. Bazan kama sunan kamfanin ba tunda akwai yabo akwai suka a maganar, mai so ya leƙo shago in bashi bayani baki da baki. Ƙaramin kamfani ne a nan cikin garin Kaduna, ba irin manyan nan na Abuja da Legas masu yiwa bankuna aiki ba, su dama masu ƙananan kasuwanci suke bi, kemis, makarantun kuɗi, shagunan sari, da irin namu. A gajarce aikin ya yi, amma fa ba duk abun da suka ce ka saya zaka saya ba, kuma akwai abubuwan da in baka tambaya da bakinka ba bazasu baka ba.

Ga wanda bai san shagon ba, bizines senta ne, taifin, firintin, fotokofi, haɗa furojet na ɗalibai musamman 'yan Poly, ga kuma POS a bakin ƙofa. Kwamfuta 5 ne, firinta 2, kyamara, sai rauta ɗaya, na'urar da ke raba waifai, da kowa ke hawa. Matsalolin da suka sa na neme su guda nawa ne ma, data na ƙarewa tun wata bai raba ba, kwamfuta ɗaya tana wani irin nauyi ko ba a buɗe komai ba, sannan babban abun haushin kastoma ya kawo filashi a firinta masa abu ya koma gida ya tarar duk foldojinsa sun koma shotkot, wato alamar folda kawai ba ainihin aikin ba, washegari ya dawo yana ɗaga murya a gaban mutane wai mun cinye masa furojet. A cikin haka kuma aka ƙwace WhatsApp ɗin wani maƙwabcina mai sayar da kayan waya, aka dinga turawa kastomominsa wata lambar akawun daban, wasu har sun tura kuɗi kafin a ankara. Shi ne nace a'a abun nan ya matso kusa.

Mutum biyu suka zo, saurayi da budurwa, shi saurayin shi ne mai baki da maganar kuɗi, ita kuma ita ce mai aikin gaskiya, wannan kam ko shi bazai musa ba. Zuwan farko ba su taɓa komai ba, dubawa kawai suka yi kuma ba su caje ni na dubawar ba, wannan na yaba. Ta zauna a kwamfutar gaba ta buɗe burauza ta rubuta 192.168.0.1 sai ga shafin rautar ya fito, ta rubuta admin a sama admin a ƙasa, kawai ta shige ciki, wato wanda ya haɗa mana rautar tun farko haka ya barta yadda ta fito daga kwali. Sai tace "Alhaji zo ka ga baƙinka". Na leƙa sikirin sai ga jerin wayoyi, Tecno, Infinix, itel, Redmi, wata ma sunan mai ita ne a jiki ɓaro-ɓaro kuma na san shi, yana zama a bencin mai shayi kullum da yamma, sun haura 20 alhali namu kayan ko 10 ba su kai ba. Ashe yanzu wayar Android in tana kan waifai, mai ita zai iya nunawa wani lambar QR ya ɗauka da kyamara ya hau ba tare da an faɗa masa fasuwod ba, to mutum ɗaya ka ba, layi guda sun samu.

Ni tunanina a lokacin asarar data ce kawai, sai ta fahimtar da ni cewa data ce ƙaramar asara. Duk wanda ke kan waifai ɗaya da kwamfutocinka yana iya ganin firinta da foldojin da aka buɗe don a dinga tura aiki tsakanin kwamfuta da kwamfuta, kuma wanda ya iya shiga shafin rauta kamar yadda ta shiga zai iya sauya saitin da ake kira DNS, ka rubuta adireshin bankinka daidai amma a kai ka wani shafin bogi mai kama da shi sak ka zuba bayananka da hannunka. Abun da suka yi shi ne suka canja fasuwod ɗin shiga rautar, suka sa sabon na waifai mai tsawo, suka kashe wani abu WPS da tace sauƙin haɗawa ne amma yana da rauni, suka bar tsarin kulle waifai ɗin akan WPA2 tunda tsohuwar rautar bata da sabon wato WPA3, sannan suka raba waifai gida biyu, na aiki daban na kastoma daban. Yadda ta kwatanta min ya zauna min a kai, tace na kastoman zaure ne, baƙo ya zauna ya sha ruwa ya yi abun da ya kawo shi, amma ba shi da hanyar shiga cikin gida. Kuma abun mamaki rautar tawa tana da wannan tsarin tuntuni, ba a sayi komai ba, kunnawa kawai aka yi.

Akwatin kyamara ma haka, fasuwod ɗin kamfani ne a jiki kuma an buɗe masa hanya ta intanet don in dinga kallon shago a waya daga gida, wato kamar yadda nake kallo wani ma zai iya kallo, har da inda yaro ke ƙirga kuɗin POS. Nan saurayin ya kawo labarin Mirai, wata muguwar manhaja da a 2016 ta dinga yawo a intanet tana gwada irin waɗannan fasuwod na kamfani akan kyamarori da rautoci, ta tara masu ɗimbin yawa aka haɗa su aka kai hari kan wani kamfani a Amurka mai suna Dyn da manyan shafuka ke dogaro da shi, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa a ranar. Abun da na ɗauka a labarin shi ne masu kutsen nan yawanci ba kai suke nema ba, ba su san Tudun Wada ba balle shagonka, na'ura ce kawai ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, inda ta samu a buɗe ta shiga. Don haka maganar da muke yawan yi ta wai me nake da shi da za a sata bata da wani tasiri.

Inda aka daɗe ana ja shi ne kan Windows. Biyu cikin kwamfutocin tsofaffin tokumbo ne masu Windows 7, wanda Microsoft ta daina yiwa gyaran tsaro tun Janairun 2020, sauran kuma Windows 10 ne shi ma an rufe nasa a ranar 14 ga Oktoban 2025, sannan Windows 11 baya hawa kan kowace tsohuwar kwamfuta saboda yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ita tace ramin tsaro, wato kafar da masu kutse ke bi, in aka gano shi a irin waɗannan bayan an daina gyara yawanci haka zai zauna a buɗe, ta tuna min da cutar kwamfuta WannaCry ta watan Mayun 2017 da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150 har asibitocin gwamnati a Ingila suka dinga mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su yi afdet ba ne abun ya ci. Shi saurayin nan take yace a canja duka biyar ɗin, har ya fara lissafi, nace ƙanena dakata, ka san nawa ake firinta shafi ɗaya kuwa? Ita ce ta kawo mafita mai hankali, tsofaffin biyun aka cire su daga intanet da netiwok gaba ɗaya, ɗaya ta zama ta taifin zalla, ɗayar kuma ita kaɗai ce ake soka wa filashin kastoma, tana da firintarta da waya kai tsaye, in ma ta kwashi wani abu to a nan zai tsaya ba inda zai je. Sauran kuma ta buɗe wa yara akawun na talaka wanda baya iya girka komai sai an sa fasuwod ɗin oga, kuma muka fara cewa kastoma in zai yiwu ya turo aikinsa ta WhatsApp ko imel a PDF maimakon filashi. Tun daga nan ban ƙara jin maganar shotkot ba, gaskiya ɗaya ce.

Amma akwai inda ban yarda da su ba har yau, maganar manhajojin da aka fasa, kirak ɗin nan. Sun yi gaskiya cewa da yawansu da ƙwayar cutar suke zuwa, don in ka lura kafin ka girka su sai an ce ka kashe antibairos tukun, kuma a kwamfutar nan mai nauyi sun samu wani abu da ke cin ƙarfinta a ɓoye wanda tare da irin wannan manhajar ya shigo. To amma shawararsu wai a koma LibreOffice na taifin da Inkscape na zane tunda kyauta ne. Na taifin ba laifi ana lallaɓawa, duk da wani lokacin in kastoma ya kawo fayil ɗin Word sai teburi ya karkace shafi ya zame, ɗalibi kuma lakcara ya riga ya ce masa ga yadda yake so. Amma na zane fa? Duk masu buga katin biki da kalanda da fosta a garin nan CorelDRAW suka sani, fayil ɗinsa suke kawowa shi suke karɓa, lasisinsa kuma da dala ake biya. Wanda bai taɓa zama a shago irin namu ba shi ne zai ce maka kawai ka canja. A ƙarshe dai Office na gaske muka saya wa kwamfuta ɗaya, maganar zane kuma tana nan a rataye, ba su da amsar da ta dace da aljihunmu kuma da sun faɗi haka kai tsaye da ya fi min zagaye-zagayen da suka yi.

Abun da ya fi komai burge ni shi ne ajiyar kwafi. Tsarin da suka ce ana bi shi ne kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan abubuwa iri 2, ɗaya kuma ba a cikin shago ba. Muka sayi hadis na waje guda, wato ma'ajiyar fayil da ake sokawa a kwamfuta, sannan lissafin shago da ayyukan manyan kastomomi suna hawa Google Drive. Ta ja min kunne sosai cewa hadis ɗin kar a barshi a soke, a kwafa a zare a sa a durowa, domin irin cutar nan mai kulle fayil ta nemi kuɗin fansa duk abun da ta samu a haɗe da kwamfuta tare take kullewa. Sai ta yi wani abu da ban taɓa ganin wani mai gyara ya yi ba, ta kira yaron shagona ta buɗe fayil ɗin bashin kastomomi a gabansa ta goge shi ta kuma share kwandon shara, tace to dawo da shi. Yaro ya kalle ni na kalle shi, gumi ya keto masa, yace "Oga wallahi ni ban taɓa ba ita ta goge". Ta tsaya a kansa bata taɓa linzamin ba, da baki kawai take ce masa soka nan buɗe can duba kwanan wata, har ya dawo da shi da hannunsa, sannan ta sa ya maimaita ba tare da ta ce uffan ba. Tace ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba ba a san ko tana aiki ba. Wannan kaɗai a wajena ya biya rabin kuɗin aikin.

Sun kuma zauna da ma'aikatana kamar awa guda, da Hausa, ba wani turancin burga. Aka sa wa WhatsApp ɗin shago matakin tsaro na biyu, lambobi 6 ɗin nan da kai ka zaɓa, aka ja musu kunne cewa duk wanda ya kira yace an turo maka wata lamba bisa kuskure ko wai za a saka ka a wani taron guruf ka karanto masa, ɓarawo ne, haka aka yiwa maƙwabcina. Gmail aka haɗa shi da Google Authenticator, manhajar waya mai bada lambar shiga, maimakon saƙon tes saboda ɓarayin da ke sauya layin mutum ya koma hannunsu, layin da ke karɓar alat na banki aka sa masa lambar kulle sim don in an sace waya kar a zare shi a sa a wata a fara danna lambobin tiransifa. Na POS kuma dokar guda ce, ba a yarda da hoton rasit ko tes, sai an ga kuɗi sun zauna a cikin manhajar ko a kan na'urar. Bayan kwana biyu sai suka turo wa yarinyar da ke taifin wani saƙon gwaji kamar daga banki wai za a rufe akawun in bata sabunta BVN ba, ta danna. Ni na san da gwajin, amma yadda saurayin ya zo ya faɗa a gaban sauran yana dariya bai min daɗi ba ko kaɗan, yarinya ta wuni bata magana, na ce masa wannan a gefe ake yi, wanda aka kunyata gobe in ya danna na gaske ɓoyewa zai yi kuma ɓoyewar ita ce masifar.

Wani ɓangaren da masu bizines senta ya kamata su ji shi ne na bayanan mutane. Ta buɗe foldar da abubuwa ke sauka a kwamfutar gaba, wallahi takardun NIN na mutane, hotunan fasfo, sakamakon WAEC, takardar haihuwa, har da bayanin akawun na banki da wani ya kawo a firinta masa na neman biza, shekara da shekaru suna zube. Tace akwai dokar kare bayanai ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumarta NDPC, kuma dokar ta ce in bayanan mutane suka fita ta hanyar da zata iya cutar da su to a sanar da hukumar cikin awa 72, ban da dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yiwa gyara a 2024. Ni ba lauya bane amma ko ba doka, amana ce, mutum ya kawo maka takardarsa don ka buga masa ne ba don ka ajiye ba. Yanzu duk yamma kafin a rufe ana share foldar, kuma yara sun daina barin WhatsApp ɗin kastoma a buɗe a burauza bayan ya tafi, wanda da abu ne da ke faruwa kusan kullum.

To ga inda suka ban haushi sosai. Na farko lokaci, in sun ce ƙarfe 10 ka sa ran bayan azahar. Na biyu lissafin kuɗi, takarda suka kawo da jimla ɗaya a ƙasa ba bayanin me ya ci nawa, sai da na dage aka rarraba sannan na ga an cusa wani akwatin fayawol, mai tace abun da ke shiga da fita a netiwok, mai biyan kuɗin shekara da antibairos na kwamfuta 5 shi ma duk shekara, waɗannan biyun kaɗai sun fi kuɗin aikin hannun. Na tambayi ita injiniyar a gefe nace tsakaninki da Allah shago kamar nawa yana buƙatar wannan? Ta ɗan yi shiru tace Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke zuwa cikin Windows, ya isa matuƙar ana afdet kuma yara basa girka tarkace, akwatin kuma sai dai in na ƙara girma ko na buɗe reshe. Aka cire. Abun da na biya a ƙarshe da hadis da komai bai kai hayar shagon ta wata 2 ba, wanda a ganina daidai ne, amma da na sa hannu a takardar farko da ya ninka.

Na uku kuma shi ne wanda nake so kowa ya riƙe. Bayan sun gama sun tafi sai yaro ya nuna min wata jar alama a ƙasan sikirin, AnyDesk, manhajar da ke ba mutum damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, sun girka ta kuma sun saita yadda zasu shigo ba sai an danna amincewa ba, wai don in matsala ta taso su gyara daga ofis. Ƙila niyyarsu mai kyau ce amma ba wanda ya faɗa min, kuma fasuwod ɗin rauta da na kyamara da na oga duk suna hannunsu ni mai shago ba ni da su. Na kira nace ku da kuka zo rufe ƙofofi ya zaku buɗe wa kanku ɗaya ban sani ba, in ma'aikacinku ya bar aiki gobe fa, ko ku aka yi muku kutse? Sun ba da haƙuri, sun dawo sun gyara yadda sai wani a shago ya danna kafin su shigo, suka rubuto min duk fasuwod ɗin, ita da kanta tace in canja su bayan sun fita kuma ta nuna min yadda ake yi. Rahoton da suka bari shi ma shafuka ne na turanci cike da gajerun kalmomin da ba mai ganewa sai su, alhali bayanin baki da Hausa suka yi shi tsaf, me zai hana a rubuta ko shafi ɗaya haka a manna a bango yara su dinga gani?

Sannan ranar Asabar ɗin farko bayan raba waifai babbar firinta ta daina ganin kwamfutoci, ga ɗalibai cike da shago lokacin miƙa furojet, na kira ba a ɗauka ba na tura saƙo shiru sai Litinin, da kebul muka lallaɓa muna ɗaukar aiki daga wannan kwamfutar zuwa waccan. Da suka zo gyaran minti kaɗan ne, firintar ce ta hau waifai ɗin kastoma. Sun ce masu biyan kuɗin kulawa na wata-wata ne ake ɗaukar wayarsu a ƙarshen mako, to ai sai a faɗa tun farko, kuma matsalar da aikinku ya haifar bai kamata ta shiga wannan lissafin ba.

In zaka kira su, ka nemi a turo maka ita injiniyar, ka ce a rarraba maka kuɗin kafin a fara, ka tambaya me za a girka a kwamfutarka, a kuma baka fasuwod ɗinka a hannu kafin ka cika musu ragowar kuɗi, kar kuma ka yarda a yi aikin ranar Juma'a in Asabar ranar cinikinka ce. Mai kemis ko mai makaranta da ke riƙe da bayanan mutane da yawa ƙila kuɗin wata-watan ya dace da shi, ni dai ban shiga ba, in abu ya taso ina kira in biya na ranar. Sauran kwamfutoci 3 masu Windows 10 kuma mun yi da ita cewa za a fara canja ta gaba wadda ake shiga banki da imel da ita in an gama kakar furojet, ragowar biyun su bi baya yadda aljihu ya bada dama.